Ƙyallayen Cikin Akwati

'Yan'uwa, ina iyakar tattali, ina rowa ta soma?

A Argungu akwai tsofaffin mata masu bin teloli suna tsintar ƙyallen atamfa. Sukan harhaɗa shi da allura har ya zama mayafi, jikoki su rufa, gama hunturun fadamar Rima ba wasa ba ne. Mu kuwa a Birnin Kebbi ga turame cikin akwati, almakashi bai taɓa su ba, wani ma gara ta riga mu.

Ba mu ce ajiya zunubi ce ba. Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar, amma da yunwa ta zo ya buɗe rumbuna. Namu akwatin kuwa kullum "sai biki" muke cewa, ga gwauruwar da muke zama benci ɗaya da ita a sujada zanenta guda ne.