Ɗakin Baƙo da Amanar Ƙasa

A shekara ta 2007 wani babban taro ya cika masaukan birnin San Faransisko na Amurka. Waɗansu samari biyu da kuɗin haya ya sha musu kai suka shimfiɗa katifu uku a ɗakinsu, suka sauki baƙi, aka biya su. Daga nan kamfanin Airbnb ya samo asali, aka kafa shi a 2008. Yau mai ɗakin da ba kowa a ciki yakan sa shi a intanet, matafiyi ya gani, ya biya, ya kwana. Haka kuma ake yi da mota da keke da kayan aiki. Masu wannan harka suna kiranta tattalin arzikin rabawa, suna cewa tana rage wa ƙasa nauyi. Shin gaskiya ne?

Da gaskiya a cikin maganarsu. Ɗakin da aka riga aka gina ba ya bukatar sabon siminti, yin siminti kuwa yana fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a gare mu. Fataken goro da suka je Kumasi a gidan mai masauki suke sauka a zango. A ƙauye galma ɗaya takan yi huɗar gonaki uku, turmi ɗaya ya ishi gida biyu.

Amma akwai wani gefen. A 1865 wani masanin Ingila, William Stanley Jevons, ya lura cewa da aka ƙera injuna masu tsimin kwal, kwal ɗin da ake ƙonawa ƙaruwa ya yi, domin araha ta jawo masu amfani da yawa. Haka yake da masauki. Wanda ya sami ɗaki da araha yakan ƙara tafiya, ya ƙara hawan jirgin sama, hayaƙin jirgin kuwa sau da yawa yakan cinye abin da aka tsimi a ɗakin. Ban da haka, masu kuɗi suka shiga sayen gidaje sukutum domin 'yan yawon buɗe ido. Haya ta yi tsada, 'yan gari suka koma bayan gari, aka yi musu sabon gini, suka ƙara ƙona mai zuwa wurin aiki. Birnin Amstadam ya ƙayyade irin wannan haya zuwa kwana 30 a shekara daga 2019. A 2024 magajin garin Barsalona ya ce lasisin gidaje wajen 10,000 zai ƙare a 2028.

Wa ke ɗaukar nauyin hayaƙin? Ambaliyar 2024 ta hallaka fiye da mutum 300 a Nijar, masana kuma sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan ƙarfi. Yawancin waɗanda suka mutu ba su taɓa shiga jirgi ba.

Ɗan'uwa mai karatu, a nan tambayar ta zama tamu. Allah ya sa mutum a gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15). Masu bi na fari sun raba abin da suke da shi har ba a sami mai rashi a cikinsu ba (Ayyukan Manzanni 4:32-35). Tasu rabawar ta cika bukatar matalauci. Wadda ke korar matalauci daga unguwarsu don a sauki mai kuɗi, ciniki ne, ko da wane suna aka sa mata. Ciniki ba zunubi ba ne, karɓar kuɗin ɗaki ma ba laifi. Laifin shi ne mu sa wa riba rigar alheri, mu ce muna ceton ƙasa alhali kwaɗayinmu muke ciyarwa.

Ga ma'auni mai sauƙi. In aron ya hana ka sayen sabo, in ɗakin baƙon ya hana a yi sabon gini, ƙasa ta sami sauƙi. In kuwa araha ta sa ka ƙara ci, ba a rage kome ba. Rabawa ba ta warkar da ƙasa sai zuciya ta koyi cewa, “Ya isa.” Ubangiji ya ba mu irin wannan zuciya, domin ran da Mai gonar zai tambaye mu lissafi, ya same mu amintattu.