Don Wa Kike Gyaran Makewayi da Madafi?

'Yar'uwa, ranar da maigida ya ce ki zaɓi tayil da famfo, tsaya ki tambayi zuciyarki: don mutanen gida kike zaɓe, ko don 'yan ganin ɗaki?

A nan Jabo na shiga gidan wata amarya da aka kawo wa masai na zama daga Sakkwato, fari tas. Ga kyau, amma ba ruwan famfo. Irin wannan masai kan sha lita 6 zuwa 9 a kora ɗaya, ke nan jarka mai lita 25 ba ta wuce kora huɗu. Wa ke jan ruwan? Yara, kafin su tafi makaranta. Alhali Manzon Allah (SAW) mudu guda kan ishe shi alwala.

Haka tayil mai ƙyalli, da ya jiƙe sai santsi. Surukarki mai dogara sanda fa, ko ke kanki da tsohon ciki? Mai kaushi ya fi. A madafi ma, tagar fitar hayaƙi ta fi kabad mai tsada, don hayaƙin itace yana cin ido da ƙirji.

Ki kuma tuna wa birkila alƙibla. Malikiyya sun yi sauƙi a cikin gini, amma kauce mata ya fi natsuwa.

Son kyau ba laifi ba ne. Laifin shi ne riya, da cin bashi don a yaba. Baƙi za su yaba su tafi, ke za ki zauna da abinki. Allah Ya sa mu dace, amin.