Tsayawa da Wanda Aka Kayar

Ran 8 ga Oktoba 2021 'yan wasanmu na Mena suka je Bilida, a ƙasar Aljeriya, aka zura musu ƙwallo 6, suka rama 1. Bayan kwana huɗu Aljeriya ta biyo su Yamai, ta ƙara musu 4 ba ko ɗaya. A irin wannan rana ake jin samari suna zagin waɗanda jiya suke yi wa kirari.

Shin tsayawa da wanda aka kayar halin kirki ne, ko taurin kai? Mu dai a ganinmu, mai zagin nan tun farko nasara yake so, ƙungiya ba ta dame shi ba. Muna tsoron wanda ya saba da haka ya juya wa amininsa baya ranar da jarinsa ya karye. Ai manomin Alakos ba ya barin gonarsa don damina ɗaya ta yi gardama.

Sai dai goyon baya yana da iyaka. Wanda ya ƙaurace wa maƙwabcinsa don ya yi masa dariyar ci 6, ya faɗa ta'assubanci, alhali su 'yan wasan kan yi musabaha kafin su bar fili.