Laifin Gona ne ko na Iri?

Ɗan'uwa manomi, in ka shibka hatsi bai tsiro ba, gona kaɗai kake zargi? A'a, kana duba irin ma. To, don mi in haifuwa ta yi jinkiri sai a ce matar juya ce, a sake ta?

A shekarar 2023, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da wannan matsala, maza da mata. Ciwon sanyi da ba a yi wa magani ba yana iya toshe hanyar ƙwai ga mace, da hanyar maniyyi ga namiji. Hangum bayan balaga ma yana iya ɓata irin namiji, ko da ƙarfinsa na nan.

In kun shekara guda tare babu ciki, ku tafi likita ku biyu. Awon namiji ya fi sauƙi: maniyyi ake dubawa da madubin likita. Mace kuwa, a auna jininta, a ɗauki hoton mahaifa. Wani ciwon magani ke warkar da shi, wani sai an yi aiki.

Haifuwa ta Allah ce. Amma ɗora wa mace laifi babu awo zalunci ne. Kai ka fara zuwa.