Kafin Ka Kawo Teku Cikin Ɗakinka

Ɗana, zo ka zauna mu yi magana. Na ga abin da ya ɗauke maka hankali a waya: akwatin gilashi cike da ruwa garau, duwatsu masu rassa, da ƙananan kifaye masu launi kamar daga marina aka tsamo su, har da ɗan nan mai ruwan lemo da farin zane wanda yara ke kira Nemo tun fim ɗin da ya fito a 2003. Na kuma ji kana cewa in Allah ya hore maka, sai ka kafa irinsa a falonka nan Damagaram. Ban ga laifinka ba. Son abin nesa tsohuwar ɗabi'ar garin nan ce. A zamanin Sarki Tanimun ayari kan taso daga Tarabulus, ya ratsa Sahara, ya sauke kaya a unguwar Zango, ya koma da fatu da gashin jimina. Sai dai madugun da ya san aikinsa ba ya ɗaura wa raƙumi kaya sai ya ƙirga rijiyoyin da ke gabansa. To, rijiyoyin nan nake so mu ƙirga tare kafin ka fitar da ko dala.

Fara da ruwan kansa. Duk wanda ya daɗe da kifin teku a gida ya san ruwa yake kiwo; in ruwa ya gyaru, kifi ya kula da kansa. Kai kuwa ka san garinmu. Bisa dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Har gobe ruwan famfonmu daga wajen gari ake turo shi, daga su Gogo da Machaya da Arunguza. In bazara ta kama, ka san yadda bido ke jeruwa a bakin famfo, ka san darajar ɗan garuwa. Wannan ruwa da muke sha muna hamdala, kifin teku ba ya zama cikinsa haka nan. Na famfo akwai sinadarin kulorin da aka zuba don kashe cuta, yana ƙone wa kifi mashaƙa. Na rijiya kuma ba ka san abin da ƙasa ta narka a ciki ba. Dole sai an tace shi da na'ura ta musamman, irin wadda kafin ta ba ka lita ɗaya mai tsabta sai ta zubar da uku ko huɗu. Ka tsaya ka yi wannan lissafi a watan Afrilu, ranar da mai ɗakinka ke tattalin ruwan girki.

Sai gishiri. Mu nan ba baƙin gishiri ba ne. Mun san kantun Bilma da raƙuma ke kawowa, mun san mangul da kanwar ƙasar Manga. Amma ko ɗaya daga cikinsu ba ya mayar da ruwa ya zama na teku, haka ma gishirin miya. Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma haɗi ne na sinadarai da yawa, har da irin waɗanda murjani ke gina jikinsa da su. Ana sayar da wannan haɗi a buhu ko a bokiti, daga ƙasashen waje yake zuwa. Akwati mai cin lita 200 zai lashe kilo 7 ranar farko. Bayan haka, kowane mako ana kwashe kamar kashi ɗaya cikin goma na ruwan a zuba sabo, wato bido guda mai lita 20 da giram 700 na gishiri. A shekara abin ya haura kilo 36. Tambayi kanka: wa zai riƙa kawo maka, kuma ranar da aka rufe iyaka, ina za ka nufa?

Ga wani abu da ke kayar da sabon shiga. Iska tana shan ruwa, amma ba ta shan gishiri. Da wannan hikima ake yin gishiri a Bilma: a bar ruwa a rami, rana ta tsotse shi, gishiri ya kwanta. Haka akwatinka zai yi, musamman a hunturu lokacin da iska ta bushe har leɓe na tsagewa. Ruwa yana raguwa, zartsi yana ƙaruwa, kifi yana wahala bai iya faɗa ba. Saboda haka in ka ga ruwa ya sauka, da tataccen ruwa marar gishiri za ka cika shi, kullum, kaɗan-kaɗan. Wanda ya cika da ruwan gishiri ya kashe kifinsa da hannunsa yana zaton alheri ya yi. Kada kuma ka dogara da harshenka wajen ɗanɗano. Akwai ɗan ma'auni na wannan aiki, ka saye shi tun kafin ka sayi gilashin.

Rijiya ta gaba ita ce mai zurfi: zafi da wuta. Kifayen nan daga cikin murjani suka fito, inda ruwa ba ya sauya hali da sauri. Suna son zafi tsakanin digiri 24 zuwa 27, dare da rana, rani da damina. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40, a Janairu kuma asuba kan sa mutum neman bargo. Ke nan kana bukatar abin sanyaya ruwa a bazara da abin ɗumama shi a ɗari. Wasu kan kunna fanka bisa ruwan ya yi sanyi yadda randa ke sanyaya nata, amma sanyin randa da raguwar ruwa yake zuwa, ka ga an koma kan maganar zartsi. Kuma duk lokacin da ruwa ya yi zafi, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa raguwa take. In wuta ta ɗauke da tsakar rana, injin da ke motsa ruwa ya tsaya, ƴan awoyi sun isa ka tarar da su sun juya ciki sama. Ba ka manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba ƙasar nan bayan juyin mulki, aka yi watanni ana fama. Wanda ba shi da sola da batir mai ɗaukar dare guda, kada ya fara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A ce duk ka haye waɗannan. Saura haƙuri, wanda shi ne ya fi ƙaranci a kasuwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, guba ce mai kisa. A teku yawan ruwa ke shanye ta. A akwati kuwa wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ne ke zama a jikin duwatsu da yashi, suna juya gubar mataki-mataki har ta zama abu mai sauƙin illa, wanda kake ragewa da canjin ruwan mako. Kafin ƙwayoyin nan su yawaita sai an yi mako huɗu zuwa shida. Duk tsawon wannan lokaci akwati zai zauna da ruwa da duwatsu, injin na aiki, babu kifi ko ɗaya. Abokai za su zo su yi dariya, su ce ka sayi talabijin marar hoto. Ƙyale su. Ka riƙa gwada ruwan, sai gubar ta koma sifiri sannan ka sa kifi biyu, ka bar su su zauna makonni kafin ka ƙara wani. Kada kuma ka ce bari in fara da ƙaramin akwati don sauƙi. Ƙaramin ruwa ya fi saurin ɓaci, kamar yadda ƙoƙo ya fi randa saurin ɗaukar zafi. Babba kuma nauyi gare shi: lita 200 kilo 200 ce, ban da dutse da yashi, teburin shan shayi ba zai ɗauka ba.

Kifin fa? Tsakaninmu da teku kusan kilomita 1,000 ne a miƙe, a hanyar mota ya fi haka. Galibin kifayen ado na ruwan gishiri ma ba daga gaɓar Legas ko Kwatano suke ba. Daga tekunan Indunusiya da Filifin ake kamo da yawansu, wasu masunta har guba suke fesawa cikin murjani kifi ya suma su kwashe, ya iso hannun mai saye da ciwo a ciki. In za ka saya, nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo; irin Nemo ɗin nan ana samunsa haka, kuma ya fi juriya. Sabon kifi a killace shi a wani akwati dabam na wasu makonni kafin ya shiga cikin ƴan uwansa. Abinci kuwa ɗan abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa. Yawan ciyarwa ya fi yunwa kashe kifin gida.

Yanzu ga shawarata, in za ka ji. Fara da kifin ƙasarka. Je ka tafkin Gidimuni ko na Lasuri ka zauna da masunta, ka ga karfasa da tarwaɗa, ka tambaye su halin kowanne. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa ɗaukewar wuta ba ta kashe ta da wuri. Gaiwa ma, in tafki ya ƙafe, shigewa take cikin laka ta jira damina. Allah ya yi su daidai da wannan ƙasa. Ka riƙe akwatin ruwan daɗi shekara guda cur, ka ratsa bazara da hunturu da shi, ka koyi gwajin ruwa da canza shi ranar da kake so da ranar da ba ka so. In shekara ta zagayo kifinka na raye, kuma sha'awar teku ba ta sake ka ba, to ka shiga da saninka. In kuwa ka gaji a wata na uku, ka gode wa Allah da ya nuna maka halinka da araha.

Abu na ƙarshe shi ya fi duka nauyi a wurina. Mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kifin da ke cikin gilashi ya fi kyanwar nan rashin dabara. Ba ya kuka, ba ya iya fita, ruwansa da iskarsa da abincinsa duk suna hannunka. Kai ka raba shi da teku, kai za a tambaya.

Saboda haka, ɗana, ɗauki takarda yau da dare ka rubuta ruwa, gishiri, wuta, da wanda zai kula da su ranar da ka yi tafiya. In ka sami amsar kowanne, bismilla, Allah ya sa albarka, ni ma zan zo kallo. In ko guda ta gagara, bar kifin teku a tekunsa, ka nemi karfasa.