Mangwaron da Ya Faɗi, a Tsince Shi

Masu lambu na Kwali da Kuje da Abaji, da ku 'yan kasuwar kayan marmari ta Zuba! Kun san takaicin: mangwaro ya yi jajawur a kwando, mai saye ya yanka, sai ga tsutsa tana motsi. A ce ka cuci jama'a, alhali kai aka fara cuta.

Mai wannan aika-aika ɗan ƙuda ne, baƙo daga Asiya, masana na ce masa Bactrocera dorsalis. A 2003 aka fara kama shi a Afirka, can Kenya, kafin a ankara ya game Yammacin Afirka, har ya fi ƙudan mangwaro na gida ƙarfi a wurare da dama. Macen ke huda fatar ɗan itace ta zuba ƙwai. Tsutsa ta ci ta ƙoshi, ta faɗo ta nutse cikin ƙasa, ta fito da fukafukai.

Ga inda yake shammatarmu. Mu da kakar mangwaro ta wuce sai mu ce an huta. Shi kuwa ƙaura kawai ya yi. Ya koma gwaiba, ya bi kaɗanya a daji, ya leƙa gwanda, ya tare a lemo, ya lallaɓa kashu, har mangwaro ya sake nuna. Gwaibar nan ta bakin iyaka, wadda sai yara ke jifa, ita ce masaukinsa. Ina ruwansa da gonar wane ko ta wane?

To amma bayin Allah, halittar da sai ta taɓa ƙasa take girma, ai ta shigo hannun manomi! Kowace safiya a tsince abin da ya faɗi, kada a bar ko ɗaya. A ɗure a baƙar leda, a ƙulle, a shanya a rana kwanaki, ko a binne a rami mai zurfi. A rataya tarkon gorar roba da magani mai janyo mazan ƙudan. Ku na Zuba, ruɓaɓɓen da ake jibgewa bayan rumfa, shi ma ledar ce makomarsa.

Lambu guda ba zai iya ba, sai ƙauye ya tashi. Alhaji, ka kira maƙwabtanka. Inna, gwandar bayan ɗaki tana hannunki. Samari, ku ɗauko buhuna, gobe da an sallame Asuba a haɗu ƙarƙashin gwaiba.