"SORI": SANNU CE KO NEMAN YAFIYA?



Kwanakin baya ina zaune a ƙofar gida a Bilbis bayan la'asar, tare da wani dattijo maƙwabcina. Sai ga wani matashi a kan babur a guje, ya bangaje wata yarinya mai tallan awara. Faranti ya kife, awara ta watse cikin ƙasa. Ya ɗan waiwayo ya ce "sori", ya ƙara wuta. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, mi yac ce?" Na buɗe baki zan fassara, sai na rasa wace kalma zan ɗauka.

Ita sorry aiki uku take yi a Turanci, mu kuwa kowane aiki da kalmarsa. Na farko jaje: mutum ya yi tuntuɓe ka ce masa "sannu", alhali ba kai ka ajiye dutsen ba. Na biyu ladabi: za ka ratsa mutane ka ce "gafara dai". Na uku amsa laifi: "na yi kuskure, ka yafe mini". Masana Turanci sun ce asalin kalmar daga ciwo ne, 'yar uwar sore ce, wato mai faɗin ta yana nufin abin ya yi masa zafi a rai. To shi mai babur ɗin nan, ina zafin ya kama shi?

Matsalar ita ce, da yawanmu mun samu mafaka a wannan kalma. Ka faɗe ta da nufin sannu, wanda ka cuta ya ɗauka yafiya ka nema, kai kuma ka wuce ba ka amsa laifin komai ba.

Kada mu ɗora wa Turanci laifin duka. Ku dubi tamu, "yi haƙuri", wadda aka fi fassara sorry da ita. Umarni ce fa. Wa aka ba aiki a cikinta? Wanda aka zalunta. Ka riƙe wa mutum kuɗinsa shekara guda, ka ce ya yi haƙuri. In ya ɗaga murya, shi ne ya zama mai laifi, wai ba shi da haƙuri. Amma "ka yafe mini" ta bambanta. Mai faɗin ta ya yarda ana bin sa, kuma ya ba ɗan uwansa damar ya ce a'a. Shi ya sa take da nauyi a baki, muke kewaye ta.

Imamun Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya kawo sharuɗɗan tuba a Riyadus Salihin: barin laifin, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. In laifin ya shafi haƙƙin ɗan Adam, akwai na huɗu: a mayar masa da haƙƙinsa ko a nemi ya yafe. A Sahihul Bukhari kuma, ta hanyar Abu Huraira (RA), Annabi (SAW) ya umurci wanda ya zalunci ɗan uwansa ya warware tsakaninsu tun a duniya, kafin ranar da kuɗi ba su biyan bashi, sai dai a ɗebi ladan mutum a biya.

Mu 'yan Zamfara mun san tsadar fassara. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta yi sulhu da 'yan bindiga, jaridun Turanci suka riƙa kiran su repentant, mu muka ce "tubabbu". Ba siyasar sulhun nake magana ba, kalmar nake dubawa. Ajiye bindiga sharaɗi ɗaya ne. Shanun da aka kora fa? Kuɗin fansar da mutum ya sayar da gonarsa ya biya fa? Marayu fa, wa ya je ya nemi yafiyarsu? Gwamnati na iya yin afuwa a kan abin da ke hannunta, amma haƙƙin bazawara na bazawara ne.

Wani zai ce, "Malam, ka tsananta, in na taka ƙafar mutum a sahu sai na yi duk wannan?" A'a, a nan sori ta wadatar. Kuma yafiya abin so ce, aya ta 40 a Suratush Shura ta yi wa mai yafewa alkawarin lada. Sai dai kyauta ce daga wanda aka cuta, ba a ƙwace ta.

A ƙarshe na ce wa dattijon, "Baba, cewa ya yi sannu." Ya ce, "To mun ji sannu. Kuɗin awarar hwa? Mi za ta hwaɗa ma uwatta?" Mu muka haɗa mata kuɗin, amma wallahi wannan bai sauke wa yaron nauyi ba.

Ɗan uwa, 'yar uwa, kafin barci yau a tuna: wa na ce wa sori alhali "ka yafe mini" ta kamata? In akwai kuɗinsa a hannu, a kai masa tare da kalmar.

Allah ya raba mu da haƙƙin mutane, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.